Tantanin da Ya Ƙwace Mini Rabin Baiti

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Rilwanu. Mai girma wakilin hakimi. Limamanmu da malamanmu na Gwaram da na Basirka. Iyayenmu mata da ke rumfar hagu ƙarƙashin jagorancin Hajiya Saudatu. Baƙonmu da ya taso takanas daga Birnin Kudu, Malam Zulkifli, wanda zan dawo kansa nan gaba. 'Yan'uwana masu mandiri da 'yan amshi. Ɗaliban wannan makaranta ta Islamiyya maza da mata. Da ku jama'ar da kujeru suka ƙare kafin ku iso, kuka jingina da katanga: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Mika'ilu. Wanda bai san sunan ba ya san fuskar, domin ni ne mutumin da yake tsayawa a bayan kafaɗar hagu ta Malam Ikrima duk sanda ya tashi yin waƙa. Shi ne jagoran ƙungiyarmu ta bege da wa'azi, ni kuwa ɗan amshinsa ne tun gemunmu bai fara fari ba.

Ina farawa da godiya ga Allah da ya tara mu yau a kan walima, domin a daminar bara mun ɗauka wani zaman daban za mu yi a ƙofar gidan Malam. Tari ya kama shi, ƙirji ya riƙe, numfashi ya zama aiki, muka sa shi a mota zuwa babban asibitin Birnin Kudu, kansa a kan cinyata. Likitoci suka ce ciwon huhu ne. Ina gode musu, da ma'aikatan jinya, da direban da ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke mu, da matan unguwa da suka riƙa aiko da kunu. Ina kuma gode wa Malam Zulkifli, ma'aikacin da yake koya wa marasa lafiya motsa jiki da numfashi bayan ciwo ya sake su. Na gode masa da gaske, kuma ina so a shaida cewa na yi godiyar tun da farko, domin abin da zai biyo baya ba duka ne zai yi masa daɗi ba.

Kwamitin makaranta ya yanke shawarar buɗe aji don koya wa yaranmu masu waƙa yadda ake numfashi, aka ce tunda ni na yi jinyar Malam, ni na ga komai da idona, in tashi in yi wa jama'a bayani. Zan yi aikin da aka sa ni, ba zan rage kome ba. Sai dai ina roƙon shugaban taro kada ya ja mini riga idan ya ga na ratse, domin wannan ilimi da za a koya wa yaranku ya karɓe mini wani abu, kuma ina kishinsa. Na faɗa a fili don kada wani ya je yana raɗa a kasuwa. Abin da ya karɓe rabin baiti ne kawai, amma rabin baitin nan shi ne duk abin da nake da shi a gaban jama'a.

Magana ta farko ita ce tantani. Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya gan shi, ko da bai kula ba. Idan ka buɗe cikin, ka fitar da tumbi da hanji, kafin hannunka ya kai ga huhu da zuciya akwai wani shimfiɗaɗɗen nama siriri, gefensa ja, tsakiyarsa fari, wanda ya raba ƙirji da ciki. Mu dai yanke shi muke yi mu jefa a kasko. To, ɗan Adam ma yana da irinsa, kuma shi ne babban ma'aikacin numfashi. Idan mutum ya ja iska, tantanin nan ne yake sauka, ya danna kayan ciki, huhu ya sami fili ya buɗe, iska ta shiga. Shi ya sa ciki yake tasowa, haƙarƙarin ƙasa ya buɗe ta gefe da ta baya. Idan za a fitar da iskar, sai ya saki jiki ya koma sama. Iskar dai a huhu take zama, kada wani yaro ya koma gida ya ce Mika'ilu ya ce da tumbi ake numfashi.

Ranar da na fara jin wannan, ina zaune a bakin gadon Malam ina yi masa fifita. Sai ga saurayin nan, Malam Zulkifli, da farar riga, ya yi sallama, ya dube ni ya ce, “Baba, ɗan matsa kaɗan.” Na matsa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan cikin Malam ya ce, “Malam, ja numfashi a hankali ta hanci, ka ture hannuna.” Malam ya ja, kafaɗu suka tashi, hannun bai motsa ba. Ya ce, “A sake. Ka bar kafaɗun su huta, ba su ne za su yi aikin ba.” Suka yi ta yi har hannun ya ɗan ɗaga. Malam ya yi wani murmushi da ban ga irinsa ba tun da aka kwantar da shi. Jama'a, shekara ashirin da ɗoriya ina tsaye bayan bawan Allahn nan, ban taɓa sa hannu a cikinsa ba, kuma ba ni ne na sa shi murmushin ba. Ni ina gefe riƙe da mafici.

Magana ta biyu ita ce kafaɗa, kuma a nan nake so ku ba ni aron kunnuwanku sosai. Mai waƙar da yake numfashi da saman ƙirji kaɗai, kafaɗunsa suna ɗagawa, jijiyoyin wuyansa suna tashi, iskar da yake samu kaɗan ce, kuma da wuri take ƙarewa. Idan ta kusa ƙarewa sai ya matse maƙogwaro don ya tatso sauran, murya ta shaƙe, gobe ya tashi da dasasshiyar murya yana neman zuma da citta. Haka Malam yake yi tun muna samari, haka ni ma nake yi, haka muka tarar da manyanmu suna yi, babu wanda ya ce mana akwai wata hanya.

Kun san waƙarsa ta godiya, wadda kuke kira Mai Shayar da Gero. Kun san dogon baitin da ke tsakiyarta: “Ya Mai shayar da gero a jigawa, Ya Mai raya ciyawa bayan ta bushe, Ya Mai mayar da ruwa kogin da ya ƙafe,” sannan wata murya ta shigo daga baya ta ƙarasa, “Ka tashe mu cikin bayinka masu godiya.” Wannan murya tawa ce. Yaranku suna rera ta haka a makaranta, ɗaya ya fara, ɗaya ya karɓa. Matan aure suna rera ta haka wurin daka, mai taɓarya ɗaya ta fara, ta biyu ta karɓa. Duk Gwaram ta ɗauka haka aka tsara baitin, na mutum biyu ne. To, ba haka aka tsara shi ba. Malam ya yi shi ne don a ɗauke shi da numfashi ɗaya, domin roƙo ne guda, bai so a yanke kiran sunan Allah daga abin da ake roƙonsa. Sai dai ƙirjinsa bai taɓa kai shi ƙarshe ba. Ran da muka fara rera ta a bainar jama'a, ya kai “kogin da ya ƙafe”, na ga kafaɗarsa ta hagu ta yi sama, na gane iska ta ƙare, na cafe baitin kafin ya faɗi ƙasa. Jama'a suka yi kabbara. Daga ranar abin ya zauna.

Wannan kafaɗa na haddace ta fiye da yadda na haddace fuskokin 'ya'yana. Na san tashinta idan ya gaji, na san tashinta idan yana mura, na san tashinta idan zuciyarsa ta karye a tsakiyar bege yana so ya ɓoye kuka. Ba ya juyowa, ba ya yi mini alama da hannu, kafaɗar kawai nake karantawa. 'Yan amshi muna da yawa, kuma amshi na kowa ne, amma wannan wuri nawa ne ni kaɗai. A wurin ne kawai ake jin muryar Mika'ilu ba tare da ta kowa ba. A wurin ne mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, take cewa matan da ke kusa da ita, “Ku yi shiru, ɗana zai shigo.”

Magana ta uku ita ce riƙon iska, kuma Malam Zulkifli ya ce ita ce ta fi wuya. Cika huhu rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne kada ka zubar da iskar gaba ɗaya a kalmar farko. Mai waƙa yana barin haƙarƙarinsa a buɗe, yana hana tantanin komawa sama da gaggawa, naman ciki yana tallafawa daga ƙasa a hankali, iska tana fita siririya, daidai gwargwado, kamar mai tsiyaya man gyaɗa daga kwalba. Maƙogwaro kuwa a sake shi, ba shi ne mai tsaron ƙofa ba. Wanda ya iya wannan, muryarsa ba ta rawa a ƙarshen baiti, kuma ba ya bukatar ihu kafin na bayan fili ya ji shi.

Da aka sallamo mu, aka ba Malam aikin gida. Ya kwanta rigingine a kan tabarma, a ɗora masa mudun gero a ciki, ya ja numfashi mudun ya tashi, ya saki a hankali mudun ya sauka ba tare da ya tuntsure ba. Daga nan ya zauna ya riƙa fitar da iska ta tsakanin haƙora, siririn sauti mai tsawo. Daga nan ya tashi tsaye ya ja sauti guda ya riƙe. Wa kuke tsammani yake ɗora mudun? Ni ne. Wa yake tsince geron idan ya zube? Ni ne. Da hannuna na yi ta ɗora masa abin da zai raba ni da wurina, ina cewa, “Madalla, Malam, yau ya fi jiya.” Kuma da gaske nake faɗa, domin ina so ya warke. Ban san warkewar za ta wuce inda ya tsaya kafin ciwon ba.

Magana ta huɗu ƙananan abubuwa ne, amma yara su riƙe su. A tsaya a miƙe ba tare da sandarewa ba, ƙafafu a ɗan ware, haɓa kada ta yi sama. A sassauta mazagin wando, domin cikin da aka ɗaure ba ya buɗewa. A sha ruwa. Kada a cika ciki da tuwo sannan a tashi waƙa, domin tantanin ba zai sami wurin sauka ba. Wannan ta tuwon, ina so limamai su zama shaida. Tun muna zuwa maulidi a kan keke nake ce wa Malam ya bar tuwon sai an tashi. Amsarsa kullum ɗaya ce: “Mika, kai dai ba ka son ganin mutum yana cin abinci.” Malam Zulkifli ya faɗa sau ɗaya, a tsaye, yana duba wani mara lafiyar, shi ke nan Malam ya bar tuwo. Yanzu a gidansa ba a jin komai sai “Zulkifli ya ce”. Zulkifli ya ce a zauna haka. Zulkifli ya ce a sha ruwa. Ko ni ya ga na ja numfashi sai ya ce, “Mika, kafaɗarka.” Ni da na ƙare rayuwata ina kallon tasa, yau shi yake gyara mini tawa.

Kuna dariya, kuma ku yi, ni ma da wani ne a wurin nan da na fi kowa darawa. Amma ga abin da ya faru.

Bayan ƙaramar Sallah muka koma gwaji a zauren Malam, mu da masu mandiri. Aka ɗauko Mai Shayar da Gero. Ya shiga dogon baitin, ni kuma na ja iskata na shirya, idona a kan kafaɗa. Ya wuce gero, ya wuce ciyawa, ya kai kogin da ya ƙafe. Kafaɗar ba ta motsa ba. Ya zarce abinsa, “Ka tashe mu cikin bayinka masu godiya,” da murya cikakkiya, har ya ja ƙarshen ya lanƙwasa shi yadda ni ban taɓa iyawa ba. Na tsaya baki buɗe da iska cike da ƙirji, ban san inda zan kai ta ba. Masu mandiri suka dakata. Malam ya rufe fuska da hannu, hawaye yana bin yatsunsa, yana cewa, “Alhamdu lillahi, yau na ji shi yadda na yi shi.” Kowa ya taya shi murna. Ni ma na taya shi. Na koma gida ban iya cin abinci ba.

Zan gaya muku abin da ya fi ci mini rai, kuma ba zan sa masa zuma ba. Baitin ya fi daɗi a haka. Na so a ce ya lalace. Na so a ce jama'a za su ji wani abu ya ɓace. Na kasa kunne ina neman aibi, ban samu ba. Roƙon ya tafi a miƙe daga farko har ƙarshe, babu gaɓa, babu ɗinki. Ashe abin da Gwaram take yi wa kabbara shekara da shekaru faci ne, ni ne kuma facin.

Ina kishin Malam Zulkifli, wanda ya yi a 'yan makonni abin da ban yi ba a rabin rayuwata. Ina kishin yaran nan da za su shiga aji su koyi wannan tun muryarsu tana ɗanya. Ina kishin wani siririn nama da ban taɓa gani ba, wanda yake zaune a cikin abokina tun ran da aka haife shi, ya fi ni kusa da shi, yana jiran ranar da za a tashe shi ya karɓi aikina. Na san kishi ba abin ado ba ne, malamai suna nan, sun fi ni sanin hukuncinsa. Amma an ce in yi bayanin abin da na gani, wannan ma yana cikin abin da na gani.

Da a nan maganar ta tsaya, da na haɗiye ta ban kawo ta gaban iyayena ba. Abin da ya sa na kawo ta shi ne abin da ya faru a Basirka ranar Juma'ar da ta wuce, wurin saukar karatu, bayan La'asar. Wasunku suna wurin. Ita ce fitowarmu ta farko tun bayan ciwon. Aka zo dogon baitin, na riga na sallama, na sunkuyar da kai. Sai na ga kafaɗar hagu ta tashi. Bakina bai yi shawara da ni ba, ya cafe baitin kamar kullum. Jama'a suka yi kabbara, wata tsohuwa ta yi guɗa, aka ce Malam da Mika'ilu sun dawo.

Malam, ka yi haƙuri, a gaban jama'a zan faɗa. Wannan tashin kafaɗar ba na gaskiya ba ne. Ta tashi da wuri, ta tashi da tsabta, jijiyar wuyanka ba ta motsa ba. Kuma ka manta wanda ya yi ta ɗora maka mudu. Yanzu na iya kallon ciki. Na dubi gefen rigarka, haƙarƙarinka a buɗe yake, iskar da ke cikinka za ta kai ka ƙarshen baitin har da saura. Ka ɗaga kafaɗar ne don ni. Da muka shiga mota za mu dawo na ce maka, “Malam, yau numfashin ya gaza ne?” Ka dubi taga ka ce, “Tsufa ne, Mika.” Tun muna makarantar allo ba ka iya ƙarya ba, kunnenka ne yake motsi ya tona ka.

Na san alheri ka nufa. Na san ka ga yadda na koma tun ranar gwaji, ka ce bari ka bar wa Mika wurinsa. Allah ya saka maka. Amma da can ina shigowa ne domin kana bukatata, kuma wannan shi ne daɗin abin. Duk kabbarar da aka yi mana, na san na tare wani abu ne da zai faɗi. A Basirka babu abin da zai faɗi. Ka yanke roƙon da ka yi shekaru kana burin kai shi da numfashi ɗaya, ka yanke shi da gangan, ka miƙo mini guntun. Kishi yana da zafi, na ɗanɗana, ina kan ɗanɗanawa. Amma wannan ya fi shi zafi, kuma ba zan iya tsayawa a bayanka ina jiran kafaɗar tausayi ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma ina so shugaban taro da limamai su tsaya mini a kai. Yanzu idan na sauka za a rera Mai Shayar da Gero. Malam, idan ka kai kogin da ya ƙafe, kada ka tsaya. Ka bar kafaɗarka inda Malam Zulkifli ya ce ka bar ta. Ka kai baitin gidansa, mutanen Gwaram su ji shi yau yadda aka yi shi, domin ba su taɓa ji ba. Ku kuma yara, daga yau haka za ku koye shi, numfashi ɗaya, mutum ɗaya. Ku shiga ajin nan, ku kwanta a ɗora muku mudu, ku koyi abin da mu ba mu samu ba. Ni ina nan a bayan kafaɗar hagu, zan yi amshi tare da sauran 'yan amshi, inda ba a rarrabe muryar kowa.

Allah ya ƙara wa Malam Ikrima lafiya da tsawon numfashi. Allah ya saka wa Malam Zulkifli da alheri, ya mayar da shi Birnin Kudu lafiya, ya sa hannunsa ya zama sanadin warakar wasu. Allah ya yi wa wannan makaranta albarka, da malamanta, da ɗalibanta, da iyayen da suka kawo su. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya jiƙan mahaifiyata, wadda ba ta nan balle ta ce a yi shiru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah ya wanke mini zuciya, ya ba ni ikon sauraron abu mai kyau ko da babu ni a cikinsa.

Masu mandiri, ku ɗumama fatunku. Malam, bismillah. Idan an zo wurin kuka ga leɓena yana motsi, ku yi mini uzuri, sabo ne. Murya ba za ta fita ba.

Na gode.